Babi na 9: Ciwo a Maƙogwaro, Magani a Baki, Wa Zai Biya?

A kundin lambobin da masu inshorar lafiya na Amurka ke aiki da shi akwai wani sashe da lambobinsa ke farawa da harafin E. Nan aka jera sandar guragu da gadon asibiti da injin ba mara lafiya iskar oksijin a gida. A tsakiyarsu akwai lamba E0486. Abin da aka ba wannan lamba bai cika tafin hannu ba. Roba ce mai tauri, ɓari biyu, ɗaya ya hau haƙoran sama ɗaya ya hau na ƙasa, an haɗa su yadda za su turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan idan mutum ya kwanta. Likitan haƙori ne ke auna bakin, shi ke sa a ƙera, shi ke gyara zaman abin har ya yi daidai. Amma a idon mai biyan kuɗi wannan ba aikin haƙori ba ne, kayan jinya ne na amfani a gida, ajinsu ɗaya da keken guragu. Kusan duk wahalar da mara lafiya zai sha kafin a biya masa kuɗin wannan mariƙin muƙamuƙi daga nan ta samo asali.

Ciwon da ake yi wa magani shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da gindin harshe sukan saki, su faɗa baya su toshe hanyar iska. Mutum ya yi ta minshari, sai a ji ya yi tsit na daƙiƙa goma ko fiye, sannan ya yi wata irin zabura ya ja numfashi. Wani haka zai kwana yana yi sau talatin, sau hamsin a kowace awa, da safe kuma ya rantse bai farka ba ko sau ɗaya. Sai dai ya wuni yana gyangyaɗi, jininsa ya yi ta hawa. Wani rahoto da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, AASM, ta sa aka yi a 2016 ya ƙiyasta manya miliyan 29.4 ne ke da ciwon a ƙasar, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari ba su san suna da shi ba.

Babban maganinsa injin CPAP ne, wanda Colin Sullivan ya fito da shi a Sidni ta Ostareliya a 1981. Injin yana hura iska ta cikin abin rufe hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Idan an sa shi yana aiki, babu musu. Matsalar ita ce mutane da yawa ba sa iya kwana da shi: wani ya ce yana shaƙe shi, wani ya ce ƙarar, wani ya tashi tsakar dare ya tarar ya cisge shi ya jefar bai sani ba. Mariƙin muƙamuƙi bai kai injin ƙarfi ba wajen rage yawan ɗaukewar numfashi, musamman ga mai ciwo mai tsanani, amma mutane sun fi jure kwana da shi. Wani gwaji da aka yi a Sidni aka buga a 2013, inda mutanen suka gwada kowanne na wata ɗaya, ya nuna abin da injin ya fi da shi a ƙarfi mariƙin ya rama a yawan awannin da ake sa shi, har sakamakon lafiyar ya zo kusan ɗaya. Shi ma yana da nasa aibin: ciwon muƙamuƙi da yawan miyau a makonnin farko, sannan bayan shekaru haƙora kan ɗan gusa, cizo ya canza. Ga mai karatu da ke zaune inda wutar lantarki ba ta kwana, wata falalarsa a fili take, domin ba ya buƙatar soket.

To me ya sa biyan kuɗinsa ya zama aiki? Sai an koma baya. A 1840 aka buɗe kwalejin koyon aikin haƙori ta farko a duniya a birnin Baltimo, daban da makarantar likitanci. Tun daga nan sana'o'in biyu kowace ta kama hanyarta a Amurka: makaranta daban, lasisi daban, daga baya inshora daban. Da shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar Medicare a 1965, wato inshorar gwamnatin tarayya ta masu shekara 65 zuwa sama, sai dokar ta fitar da aikin haƙori daga abin da za a biya. Inshorar haƙori kuwa, wadda ma'aikaci kan samu daban a wurin aikinsa, ƙarama ce: galibi tana da iyakar abin da za ta kashe wa mutum a shekara, dala 1,000 zuwa 2,000, kuma an gina ta ne don wankin haƙori da ciko da cirewa. Takardar neman biya ma ba iri ɗaya ba ce. Likitocin haƙori suna da tasu mai lambobin da ke farawa da D, sauran likitoci suna cika wadda ake kira CMS-1500.

Mariƙin muƙamuƙi ya faɗo tsakanin gidajen nan biyu, kamar yaron da iyayensa suka rabu, uwa ta ce je wurin ubanka, uba ya ce koma wurin uwarka. Inshorar haƙori ta ce ciwon numfashi ba nata ba ne, kuma ta yi gaskiya. Inshorar lafiya ta yarda nata ne, amma wanda ya yi aikin baƙo ne a wurinta, ba ya cikin jerin likitocinta, ma'aikatan ofishinsa ba su saba da takardunta ba. A 2022 an ƙara lamba D9947 a kundin likitocin haƙori don wannan aiki. Wasu sun ɗauka an huta ke nan. Samun lamba dai ba alkawarin biya ba ne, kuma har yanzu hanyar da kuɗi ke fitowa ita ce ta inshorar lafiya.

Gara a fara da dokokin Medicare, domin kamfanoni masu zaman kansu da yawa daga nan suke kwafo nasu. Tun 2011 Medicare take da rubutacciyar ƙa'ida a kan wannan mariƙi, kuma abin da ya fi komai muhimmanci a cikinta shi ne jerin yadda abubuwa za su biyo juna. Sai mara lafiya ya fara ganin likita, likitan ya duba shi ya rubuta abin da ya gani, tukuna a yi gwajin barci. Bayan gwajin likitan ya karanta sakamako, ya rubuta takardar umarnin a yi mariƙi. Sai a nan likitan haƙori zai shigo. Ko da likitan haƙorin ne ya fara lura da ciwon, ko da ya fi kowa sanin barci a garin, ba shi da ikon ya ce ga ciwon da ke damun mutum a karɓa a biya. Wanda ya fara zuwa aka auna masa baki, daga baya ya je neman gwaji don ya cike gurbi, yana iya samun duk takardun a hannu amma kwanan watan da ke jikinsu ya kashe shi.

Gwajin barcin yana fitar da lamba ɗaya da komai ya rataya a kanta, wato sau nawa numfashi ya ɗauke ko ya ragu a kowace awa. Daga 5 zuwa 14 ciwo mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Wanda ya kai 15, kuma aka ƙirga masa aƙalla sau 30 a daren, ya shiga. Wanda ya tsaya tsakanin 5 da 14 sai an ƙirga aƙalla sau 10, kuma sai likita ya rubuta wani abu ƙari a fayil ɗinsa: yawan barcin rana, ko rashin barci, ko raunin tunani, ko damuwa, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko tarihin shanyewar ɓarin jiki. Wanda lambarsa ta haura 30, ƙa'idar ta yi maganar a nuna ya kasa jure CPAP, ko likita ya ce injin bai dace da shi ba. A takardar neman biya sai an rubuta lambar ciwon, G47.33. Idan aka rubuta R06.83, wato minshari kawai, ba wanda zai biya ko sisi, ko da matar gidan ta ƙaura ɗakin yara saboda ƙarar.

Akwai wani abu a cikin wannan ƙirge da yawancin marasa lafiya ba sa taɓa ji, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗaukewar numfashi gaba ɗaya ba a gardama a kanta. Raguwar numfashi ce ake ja-in-ja a kan ma'anarta. Tun 2012 AASM ta ba da shawarar a ƙirga raguwa idan iskar da ake shaƙa ta ragu da kashi 30 na daƙiƙa goma, sannan oksijin na jini ya sauka da kashi 3, ko kuma ƙwaƙwalwa ta ɗan farka. Medicare ta tsaya a kan sai oksijin ya sauka da kashi 4, ɗan farkawar nan kuwa ba ta lissafa shi. Mutum ɗaya, dare ɗaya, na'ura ɗaya, amma lamba biyu. Da ma'aunin farko a ce masa 12, da na biyu a ce 4, wato ba shi da ciwon ma sam. Waɗanda wannan ya fi cuta su ne waɗanda jininsu ba ya saurin zubar da oksijin, irin mata da marasa ƙiba, alhali su ma barcin nasu a yayyanke yake. Shi ya sa ma'aikacin da ya ƙware a cika takardun nan, kafin ya taɓa komai, yake duba ƙasan rahoton gwajin ya ga da wane ma'auni aka ƙirga.

Shi kansa mariƙin ba kowane iri ake biya ba. Dole ya zama wanda aka ƙera daidai bakin mutum. Na kanti, wanda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza, lambarsa E0485, Medicare ba ta biyansa, kuma a nan ina bayanta, domin jagorar da AASM ta fitar tare da ƙungiyar likitocin haƙori masu aikin barci, AADSM, a 2015 ita ma wanda aka auna kuma ake iya matsar da shi a hankali ta zaɓa. Sai kuma ya kasance sunan samfurin yana cikin jerin da wani ofishi mai suna PDAC ya tantance. Sharuɗɗan shiga jerin: a iya turo muƙamuƙi gaba milimita ɗaya-ɗaya ko ƙasa da haka, saitin ya tsaya ko an cire abin daga baki, kada ya suɓuce cikin barci, kuma ya kasance da kafaffen hinji mai haɗa ɓarin sama da na ƙasa, a gefe ko a gaba ko ta ganda.

Sharaɗin hinjin nan shi ne ban ga hujjarsa ba. Irin mai sandunan ƙarfe a gefe, wanda ake kira Herbst, ya cika shi, kuma asalinsa ƙirar wani Bajamushe ce, Emil Herbst, da ya nuna a Balin a 1909 don gyaran muƙamuƙin yara. Wasu sababbin samfura marasa hinji, waɗanda ke riƙe muƙamuƙi da fiffike a gefe ko da ɗan maɗauri, suna yin aikin kuma wasu bakunan sun fi jin daɗinsu, amma ba za a rubuta musu E0486 a gaban Medicare ba. A watan Oktoba na 2021 an ƙirƙiro musu tasu lambar, K1027, sai dai ita ma lamba ce, ba kuɗi ba. Sakamakon shi ne tsoho ya shiga ofishin likitan haƙori, likitan ya duba bakinsa ya san abin da ya fi dacewa da shi, sannan ya ba shi abin da jerin ya yarda.

Likitan ma sai ya canza riga. Kafin Medicare ta karɓi takardarsa sai ya yi rajista a matsayin mai sayar da kayan jinya, ya cika fom CMS-855S, ya riƙa aika takardunsa ga ɗaya daga kamfanoni biyu da gwamnati ta ba kwangilar yankuna huɗu na ƙasar, Noridian da CGS. Kusa da lambar mariƙin zai ƙara haruffa: NU, wato sabo ne, da KX, wato yana shaidawa duk sharuɗɗa sun cika kuma takardun suna cikin fayil. Kwanan watan da zai rubuta shi ne ranar da ya miƙa abin ga mai shi, ba ranar auna baki ba, kuma sai mai shi ya sa hannu a takardar karɓa. Biya sau ɗaya ne, ya haɗa da awo da ƙira da sawa da duk gyare-gyaren kwana 90 na farko. Likitocin haƙori da yawa sun dubi wannan ɗawainiya sun ce ba za su iya ba. A wurinsu sai mara lafiya ya biya da hannunsa.

Idan komai ya tafi daidai, Medicare tana biyan kashi 80 na farashin da ita ta yarda da shi, bayan mutum ya gama biyan kason farko na shekara, wato abin da zai fara biya daga aljihunsa kafin inshora ta fara biya, wanda a 2025 dala 257 ne. Farashin da ta yarda da shi kuwa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Sannan ta ƙiyasta wa mariƙin rayuwar shekara biyar. Kafin su cika ba za ta sayi wani ba, sai idan ya ɓata, ko an sace, ko wani hatsari ya lalata shi.

Shekara biyar ɗin nan ita ce ke haifar da tarkon da ya fi kama mutane. Medicare tana kallon CPAP da mariƙin muƙamuƙi a matsayin kaya iri ɗaya, masu maganin ciwo ɗaya. CPAP haya ake bayar da shi, wata 13, sannan ya zama na mara lafiya. A kwana 90 na farko injin da kansa yana kai rahoto, kuma don a ci gaba da biyan hayar sai mutum ya sa shi aƙalla awa huɗu a dare, a kashi 70 na darare cikin kwana 30 a jere. To ga wanda ya daure ya cije ya cika wannan sharaɗi don kada a ƙwace injin, bayan wata takwas ya gaji ya tura shi ƙarƙashin gado. Ya je neman mariƙi, kwamfuta ta nuna an riga an biya masa maganin wannan ciwo, sai takardar ƙi ta fito. Ana iya ɗaukaka ƙara, likita ya rubuta dalla-dalla yadda injin ya gagara, kuma wasu sukan yi nasara. Amma dubi yadda abin ya juye: wanda ya yi ƙoƙari shi ke shan wahala, wanda ya mayar da injin tun watan farko hanyarsa ta fi sauƙi. Ƙa'idar an yi ta ne don kada a saya wa mutum keken guragu biyu, kuma a can tana da ma'ana. A nan kuwa abin da take haifarwa shi ne mutum mai hawan jini ya kwana ba injin ba mariƙi.

Kamfanoni masu zaman kansu kowanne da nasa littafin. Wasu sai an nemi amincewarsu tun kafin a auna baki. Wasu suna so mara lafiya ya sa hannu a takardar da ke cewa ya gwada CPAP ya kasa, ko da ciwon mai sauƙi ne. Medicaid, inshorar masu ƙaramin ƙarfi, kowace jiha da hukuncinta. Amma inda kuɗi ke zubewa a zahiri shi ne maganar ko likitan yana cikin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su. Mu ɗauki misali da lambobin da na ƙaga don lissafi kawai. Likita ya ce dala 2,500. Kamfani ya ce farashin da ya sani 1,600 ne. Mara lafiya yana da sauran dala 1,000 na kason farko da bai biya ba a shekarar, bayan haka kashi 20 nasa ne. Idan likitan na cikin yarjejeniya, mara lafiya zai biya 1,000, da kashi 20 na ragowar 600, wato 120, jimla 1,120. Kamfani ya biya 480, likita ya yafe 900. Idan ba ya ciki, 900 ɗin nan ba yafewa, kan mara lafiya za ta dawo, ya tashi da 2,020, kuma sau da yawa kason farko na likitocin waje ya fi haka yawa. An ce masa inshora ta amince, kuma ba ƙarya aka yi masa ba, amma kashi huɗu cikin biyar daga aljihunsa suka fita.

Akwai ƙofa ɗaya da kamfanoni ba sa tallatawa. Tun da likitocin haƙori kaɗan ne ke cikin jerin inshorar lafiya, mutum yana iya rubutawa ya ce babu ko ɗaya kusa da shi da ke wannan aiki, don haka a ɗauki wanda ya samu tamkar na ciki. Sukan yarda, amma sai an nema kafin a fara aiki. Lokacin shekara ma yana da tasiri, domin kason farko yakan koma sabo a watan Janairu, wanda ya riga ya cinye nasa a wata jinya gara ya karɓi mariƙinsa kafin Disamba ta ƙare. Masu asusun ajiyar kuɗin lafiya na HSA ko FSA suna iya biyan nasu kason daga ciki.

Ba na cikin masu cewa duk shingayen nan mugunta ce. Da babu su, da kowane mai sayar da robar hana minshari ya kira kansa mai maganin ciwon numfashi. Sharaɗin a ga likita a yi gwaji yana kare mara lafiya, domin minshari kan iya yin shiru alhali numfashi na nan yana ɗaukewa, kuma shi ya sa jagorar 2015 ta ce a sake gwajin barci da mariƙin a baki bayan an gama saita shi. Laifin tsarin shi ne ya ɗora wa mutumin da bai yi barcin kirki ba shekara da shekaru aikin haɗa ofisoshi uku da ba sa magana da juna, na likita, na ɗakin gwaji, na likitan haƙori, sannan idan shafi ɗaya ya ɓace shi za a aika wa takardar bashi.

Cibiyar bincike ta KFF ta duba inshorar da ake saya a kasuwar gwamnatin tarayya, ta ga a 2021 kamfanoni sun ƙi biyan kusan kashi 17 cikin ɗari na takardun da likitocin cikin jerinsu suka aika, kuma waɗanda aka ɗaukaka ƙara a kansu ba su kai ko kashi ɗaya ba. Yawancin mutane suna karanta takardar ƙi su ɗauka magana ta ƙare. Kai da ke zaune a Amurka, ko kake da uwa ko uba a can da wannan ciwo, idan irin takardar ta zo ka nemi dalilin ƙin a rubuce, ka karɓi kwafin bayanin likita da rahoton gwajin barci da takardar umarni, ka duba kwanan watan kowanne. Dokar lafiya ta 2010 ta ba mai inshorar kamfani kwana 180 ya ɗaukaka ƙara, in sun sake ƙi yana da ikon neman masu duba na waje waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba. Mai Medicare kwana 120 gare shi a matakin farko. Kada ka bari kwanakin su wuce takardar tana cikin aljihun tebur.